Ƙaron Gugul Na Indiya Da Dashin Gidanmu: Wai Maganin Zuciya Ne?

  Na san kun saba in dai na ɗauki biro na ambaci zuciya, to zancen bai wuce na soyayya ba, ko wata ta kamu da son wanda bai san tana yi ba, ko an ɗaura wa wata aure da wanda ba ta so ta kwanta rai a hannun Allah. To yau kam ba waccan zuciyar na zo muku da ita ba. Ta yau ita ce tsokar nan da ke cikin ƙirjin kowannenmu, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, amma take bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, ba hutu ba ƙorafi, ranar da ta tsaya kuwa shi ke nan, an gama.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wani magani da ya fara shigowa gidajenmu daga birane. Ana sayar da shi a wasu shaguna da kuma ta intanet, cikin 'yar kwalba mai kyau an rubuta guggul a jikinta, mu dai mu ce gugul. Masu tallarsa suna cewa yana narkar da kitsen jini, yana wanke jijiyoyi, yana gyara zuciya, kuma wai tunda daga itace yake ba shi da wata illa. Ni kuma da yake ya taɓa danginmu a nan Tsiga, sai na ga ya dace in bi diddiginsa in kawo muku abin da na samo, mai daɗin da marar daɗin.

Shin mene ne gugul?

Gugul dai ƙaro ne, wato irin danƙon nan da ke tsattsafowa daga jikin itace ya daskare. Ana samun sa daga wata gajeruwar bishiya mai ƙaya da ke fitowa a busassun wurare na ƙasar Indiya, musamman jihohin Rajastan da Gujarat, da kuma yankin Sindh na Pakistan. In kina kallon finafinan Indiya kin ga inda ake rawa cikin rairayi ga raƙuma ga mata da manyan tuluna a ka, to yawanci irin wannan yankin ne. A lokacin sanyi ake tsaga jikin bishiyar, sai ruwan ya fito rawaya-rawaya mai ƙamshi, a bar shi ya bushe sannan a bi a tsince.

Ba sabon abu ba ne a wurinsu. Indiyawa suna da nasu tsarin maganin gargajiya da suke kira Ayurbeda, kuma wani tsohon littafinsu mai suna Sushruta Samhita, wanda ya haura shekara 1,500, ya ambaci wannan ƙaro a cikin magungunan ƙiba da ciwon gaɓoɓi. Larabawa ma sun san shi, suna kiran sa muƙul, har shahararren likitan nan Ibn Sina ya kawo shi a littafinsa Al-Ƙanun. Saboda haka duk wanda ya ce muku daɗaɗɗen magani ne, bai yi ƙarya ba.

Ɗan'uwansa yana bayan gidanmu

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da na gano ashe bishiyar gugul 'yar'uwar dashi ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Masana tsirrai suna kiran ta Indiya Commiphora wightii, namu dashin kuma Commiphora africana. Dashin nan dai da kuka sani, wanda ake sarar reshensa a kafa a ƙasa ya kama, a yi shingen garka ko na gida da shi don awaki. Ya fi yawa in aka nausa arewa wajen Katsina da Daura har Maraɗi, amma mu ma nan ƙasar Funtua da Malumfashi ba baƙonmu ba ne. In kika karya reshensa kika shinshina, za ki ji wani ƙamshi mai kama da na turaren wuta.

A babban danginsu kuma akwai hano, wanda ke son kan duwatsu, mai ɓawon nan da ke saɓulewa kamar takarda. Akwai lubban da alhazai ke tsarabarsa, akwai kuma atili da ake kawo mana daga Jos. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar Hausa, ya tattara sunayen itatuwanmu a littafi tun 1916, ya kuma fitar da wani babba a 1937 a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Shi ne ma aka laƙa wa hano sunansa, masana ke kiran sa Boswellia dalzielii.

Iyayenmu sun daɗe suna amfani da waɗannan itatuwa. Ana turara ɗaki da tufafi da ƙaronsu don ƙamshi da korar ƙwari, ana dafa sassaƙen hano don zazzaɓi, ciwon ciki da ciwon gaɓoɓi, ana asuwaki da dashi, ana sa ƙaronsa a rauni. Amma ni dai tun tasowata ban taɓa jin wata tsohuwa a garin nan ta kira dashi maganin zuciya ba. Na faɗi haka ne don kada wata ta karanta wannan shafi ta ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ta tafi bayan gida ta tsinci ƙaron dashi ta jiƙa ta sha. Kama da wane ba ta wane. Dashinmu ba a yi masa gwajin asibiti a kan masu ciwon zuciya ba, shi kuwa na Indiyan da aka yi wa, bari ku ji yadda ta kaya.

Yadda ya yi suna

Abin alfahari gare mu, mace ce ta fito da shi duniya. Wata matashiyar likita mai suna Satyavati, tana karatu a Jami'ar Banaras, ta ga bayaninsa a wancan tsohon littafi, sai ta ce bari ta gwada. A 1966 ta kammala bincikenta a kan zomaye, inda ta ciyar da su abinci mai maiƙo, ta ga waɗanda aka ba gugul kitsen jininsu bai hau kamar na sauran ba. Wannan baiwar Allah daga baya, a 1994, ita ta zama shugabar hukumar binciken lafiya ta Indiya baki ɗaya.

Kafin in wuce, bari in ɗan warware zancen kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolestarol. Wani maiƙo ne da hanta ke sarrafawa, wani kuma muna samun sa a abinci, kuma jiki na bukatarsa daidai gwargwado. Akwai mugun, wanda suke kira LDL, shi ne in ya yi yawa yake manne wa bangon jijiya kamar yadda dattin wanke-wanke ke toshe rariya, har wata rana jini ya kasa wucewa zuwa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Akwai kuma mai kyau, HDL, mai taimakawa wajen kwashe wancan.

Bayan aikin Satyavati, wata cibiyar binciken magunguna ta gwamnati da ke birnin Lucknow ta tace ƙaron ta fitar da ƙwaya, aka amince a sayar da ita a Indiya a ƙarshen shekarun 1980. Gwaje-gwaje da dama da aka yi a can sun nuna kitsen jini na sauka, sai dai yawancinsu ƙanana ne, wasu kuma ba a kwatanta da mutanen da ba su sha ba. A 2002 wasu masana a birnin Houston na Amurka suka gano yadda wani sinadari da ke cikin ƙaron ke aiki a hantar ɓeraye. Daga nan fa kasuwa ta buɗe, kamfanoni suka shiga ɗura shi a kwalabe ana kai wa ko'ina a duniya.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

A 2003 likitocin Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da ya girgiza kasuwar. Sun tara mutum 103 masu yawan kitsen jini suka kasa su uku. Kashi na farko ana ba su giram 3 na gugul a rana, na biyu giram 6, na uku kuma ana ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da kowa ya san wacce yake sha ba, har tsawon mako 8. Da aka auna, sai aka tarar mugun kitsen nan bai sauka ba ga masu shan gugul, hawa ma ya yi, da kashi 4 cikin 100 ga na farko, kashi 5 ga na biyu. Masu shan ƙwayar banza kuwa nasu ya sauka da kashi 5. Bayan haka mutum 6 cikin masu shan gugul ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso musu.

A 2009 aka sake wani ƙaramin gwaji a ƙasar Norway da mutum 43 na tsawon mako 12. Jimillar kitsen ta ɗan ragu, amma har da mai kyau a cikin abin da ya ragun, mugun kuwa bai nuna wani canjin a zo a gani ba. Har yau kuma ba a yi wani babban gwaji da ya nuna masu shan gugul sun fi sauran mutane tsira daga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, wanda kuwa shi ne dalilin shan maganin tun farko. Kun ga ke nan abin da ya yi wa zomo da ɓera ba lallai ya yi wa ɗan Adam ba.

Abin da ya sami Goggona

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, mace mai kazar-kazar, wadda ita ake kira in za a yi girkin biki a unguwarmu. Ta yi shekara 6 tana fama da hawan jini, amma da yake tana shan ƙwayarta kullum da safe, ba mai cewa tana da wani ciwo. Sai babban ɗanta da ke aiki a Legas ya ga tallar gugul a waya, ya sayi kwalba uku da kuɗi masu yawa ya aiko mata. Wata rana na shiga gaishe ta, na ga ledar maganin asibitin a saman kwanuka ta yi ƙura.

Na ce, “Goggo, ya na ga kamar an kwana biyu ba a taɓa wannan ba?”

Ta ce, “Ke 'yar nan, ai na huta da shi. Shekara nawa ina haɗiya bai raba ni da ciwon ba? Yayanku ya aiko mini da na itace daga Indiya, an ce shi daga tushe yake kashe cutar.”

Na ce, “Don Allah Goggo ki yi haƙuri, ko za ki sha wannan kada ki bar wancan, bari a je a tambayi likita tukuna.”

Sai ta yi dariya ta ce, “Ku dai 'yan boko ba ku da aiki sai likita. Ɗan da na haifa ne zai ba ni abin da zai cuce ni?”

Wata biyu ba su cika ba, ana tsakiyar girbin masara, ta tashi da ciwon kai da jiri, tana cikin shara ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Da aka kai ta asibiti a Funtua aka auna, jininta ya kai 190 bisa 110. Likitan ya juya kwalbar a hannunsa ya ce wa kawuna, “Alhaji, ba abin da ta sha ne ya kayar da ita ba, abin da ta daina sha ne.” Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi, amma har yau hannunta na hagu bai koma daidai ba, matar da ke tuƙa tuwon mutum 50 yanzu sai an ɗaura mata zani. Ranar da Yaya ya iso daga Legas ya durƙusa gabanta yana kuka kamar ƙaramin yaro, ita ce ma ke ba shi haƙuri. Wallahi ba mugunta ya yi ba, ƙauna ce, amma garin neman gira aka tashi rasa ido.

Ciwonmu daban, maganinsu daban

Ga wani abin lura. Ko da a ce gugul yana sauke kitsen jini yadda ake faɗa, abin da ya fi kayar da zuciyar mutanenmu ba kitse ba ne, hawan jini ne. Shi ne kan gaba wajen gajiyar da zuciya a ƙasashenmu na Afirka, kuma shi ke jawo yawancin shanyewar ɓarin jiki da muke ɗora wa iska ko sammu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum 1 cikin kowane manya 3 a duniya yana da shi, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma 4 cikin 5 ba sa samun kulawar da ta dace. Ba ya sallama, ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. Maganinsa kuma ba warkarwa yake ba, riƙe shi yake kamar yadda ake riƙe akuya da igiya, ranar da aka saki ta koma gonar mutane.

Mu mata kuma muna da namu na daban, wato ciwon zuciyar da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin jego. A 1978 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, nan kusa da mu, suka fitar da bayanin mata 224 da suka kwanta da shi, aka kuma ƙiyasta yana samun kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. A lokacin sun fi zargin yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta ya nuna zancen ya wuce nan, akwai hannun rashin abinci mai gina jiki, ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam, da hawan jini lokacin ciki. In kika ga maijego tana haki daga ɗaki zuwa madafa, ƙafafu sun kumbura, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, to ba sanyi ba ne, ba kuma kwalbar Indiya ce maganinta ba. A kai ta asibiti a ranar.

Wai ba shi da illa?

Wannan magana ta cewa abin itace ba ya cutarwa, ai ko zaƙami itace ne. Gugul yakan jawo ciwon kai, tashin zuciya, gudawa, gyatsa da ƙuraje. Wani gwaji da aka yi a Indiya a 1994 ya nuna yana rage yawan abin da jiki ke samu daga wasu magungunan zuciya da hawan jini guda biyu, propranolol da diltiazem, wato ke kina ganin kin haɗa ƙarfi biyu, ashe ɗaya na danne ɗaya. Masana suna gargaɗin mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon hanta, mai maƙoƙo da mai shan maganin tsinka jini su nisance shi.

Sannan akwai zancen abin da ke cikin kwalbar. Saboda yawan tsagar da ake yi wa bishiyar, ta yi ƙaranci ƙwarai, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsirran da ke gab da ƙarewa a duniya. Abu kuwa in ya yi tsada, algus ya samu ƙofa, akan gauraya shi da ƙaron wasu itatuwa. A 2004 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka suka sayo magungunan gargajiya na Indiya da maƙwabtanta iri 70 daga shaguna suka auna, suka samu 14 da dalma ko zaiba ko wata guba mai suna asanik. Mu kuwa mun san dalma, ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ko lambar NAFDAC da za ki gani a jikin maganin gargajiya ba shaidar yana warkarwa ba ce, duba da kyau za ki ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance abin da masu shi ke iƙirari ba.

To mene ne abin yi?

Kada wata ta ɗauka ina kushe maganin gargajiya ne, ni ma da shi aka raine ni. Ga zoɓo nan namu, a 2010 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka sun ba mutum 65 da jininsu ya fara hawa gwaji, masu shan kofi 3 na zoɓo a rana har mako 6 jininsu ya sauka da kusan maki 7. Taimako ne, in ba a cika masa sukari ba, amma shi ma bai isa ya maye gurbin ƙwaya ga wadda aka ɗora a kanta ba. Abin da nake roƙo dai shi ne:

Duk wadda ta kai shekara 30, ko take da ciki, ta riƙa zuwa ana auna jininta. Ba ya cin minti 5, kuma ko a ƙaramin asibitin gari ana yi. In ya kai 140 bisa 90 aka sake aunawa bai sauka ba, to a ga likita.

Wadda aka ɗora a kan magani kada ta bari don ta ji sauƙi, sauƙin ai aikin maganin ne. In yana ba ki wahala ki koma a canza miki wani.

A rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi guda, kuma dunƙulen miya da kanwa duk cikin lissafin suke. Ga daddawa, ga citta, ga tafarnuwa, ga zogale da rama, miya ba za ta yi lami ba.

Duk abin da za ki sha, na kwalba ne ko na sassaƙe, ki ɗauka ki nuna wa likita, kada ki ji kunya ko tsoron faɗa.

Ku kuma 'yan'uwanmu maza da ke birni, masu son faranta wa iyaye, Allah ya saka muku da alheri, amma kuɗin kwalba uku zai sayi na'urar awon jini ta gida da maganin watanni. Wannan ita ce tsarabar da za ta bar muku tsohuwa a kan ƙafarta.

Dashi dai a bar shi a shinge, hano a bar shi a kasko yana ƙamsasa ɗakin amarya, zuciya kuwa a kai ta inda ake aunawa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.

Taku har kullum, daga Tsiga.